Tambayoyinku: Hannu da Rodi

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu guda suka taru, wato lanƙwasa ƙarfe da hannu don ƙara ƙarfin riƙo. Na zaɓi biyar. Ta farko za ta ci mafi yawan fili, domin damuwar mai ita ce damuwar yawancin samarin da ke tsayawa bakin shagona na walda da guntun rodi a aljihu.

Daga wani matashi, unguwar Zariya, Maraɗi

*Assalamu alaikum Baba. Shekaruna 22, ina koyon ɗaurin rodi a wurin gini. Tun bayan sallar layya nake gwada lanƙwasa guntayen da ake zubarwa a wurin aiki. Mai lamba 6, wato mai kaurin milimita 6, in ya kai santimita 20 ina iya masa, amma kullum sai ya karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Mai lamba 8 kuwa ko gezau. Da tsumma nake naɗe bakinsa, har tafin hannuna na dama ya yi tabo. Abokaina sun ce ƙarfi ne ba ni da shi, in koma ɗaga buhun siminti. Riƙona ne ba daidai ba, ko su ke da gaskiya?*

Wa alaikumus salam, ɗana. Abokanka ba su da gaskiya. Wanda yake wuni yana jan rodi mai mita 12 daga bisa mota, yana murɗa waya da filaya har la'asar, ba ƙarfi ne ya gaza masa ba. Ƙarfin yana nan, hanyar da zai bi ya shiga cikin ƙarfen ce a toshe, kuma a wuri uku ta toshe: tsummanka, inda ka aza yatsunka, da irin rodin da ka zaɓa.

Tsumman nan ka bar shi daga yau. Jikin mutum ba ya yarda ya saki ƙarfinsa duka a kan abin da yake soke shi. Da bakin rodi ya fara nutsewa cikin tafin hannu, hannun da kansa yake sassautawa kafin ma ka yi niyya, kai kuma sai ka ɗauka iyakarka ke nan. Mu a Maraɗi ba mu da uzuri a kan wannan, garin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta. Je wurin dukawa ka ce a yanka maka fata jemammiya guda biyu, faɗin kowace santimita 10, tsawo wajen 30. Ta akuya tana da laushi, tana kwanciya a jikin ƙarfe, amma siririya ce, sai ka ƙara mata tsawo. Ta saniya ta fi kauri, tana son a yi ta murza ta kwana da kwanaki kafin ta yi biyayya. Kada ka karɓi wadda aka goge ta da mai tana sheƙi, zamewa take yi. Gefen da ke da kaushi shi zai taɓa rodin.

Kafin naɗi, ɗauki magagari ka kashe kaifin bakin rodin duka biyu, domin zarto da almakashin rodi suna barin ƙaya mai tsinin da zai huda fata ya huda nama. Sai ka shimfiɗa fatar bisa benci, ka aza bakin rodin a gefenta ya shiga kamar santimita 4, sauran faɗin fatar ya wuce bakin. Ka naɗa kana ja da dukan ƙarfinka, kowane zagaye ka danne shi da babban yatsa kafin na gaba. In ka gama, riƙe naɗin ka gwada juya rodin a ciki. In ya juya, kwance ka sake. Naɗi mai sako-sako yana cinye ƙarfinka kafin ya iso ga ƙarfe: kai kana turawa, fata tana matsewa, rodi yana zaune lafiya. Ɗan zoben roba da aka yanka daga tsohon tub ɗin babur zai riƙe maka naɗin kada ya warware. Ni ina ɓata lokaci a naɗi fiye da yadda nake ɓatawa a lanƙwasawar kanta, kuma duk wanda na koya wa haka nake sa shi.

Yanzu hannu. Ka taɓa karya rake a gwiwa? Ba ka kama shi dab da gwiwar, can nesa kake kamawa, gwiwa tana tokare da tsakiya, hannuwa suna aiki a bakuna. Rodi ma haka yake so: wurin tokara, da wurin turawa nesa da shi. Kuskuren kusan kowane sabon shiga shi ne ya dunƙule rodin duka cikin hannu biyu, babban yatsa na taɓa babban yatsa, bakunan suna leƙowa ta wajen ƙananan yatsu. A haka ka rufe wurin da ya kamata ya lanƙwashe, ka kuma kawo ƙarfinka tsakiya inda ba shi da amfani.

Ga riƙon da aka fi lanƙwasa babban ƙarfe da shi. Hannu biyu a kife, bayan hannu yana sama. Bakin rodin ya zauna cikin tsakiyar tafin hannunka, a kan naman nan mai kauri, ba a kan ƙasusuwan gindin yatsu ba. Manuniya da yatsan tsakiya su ne za su ƙugiye rodin ta ƙasa, sauran biyun su kama ragowar fatar da ta wuce bakin. Tsakanin hannu da hannu a bar fili, ana ganin ƙarfe tsirara. Sai ka ɗago shi har ƙarƙashin haɓarka, ya kusan taɓa maƙogwaro, gwiwoyin hannu a sama a buɗe, kafaɗu a ja baya. Wuyan hannu kuma a miƙe yake, a kulle. Wannan ka riƙe shi da kyau, domin a nan ake jin ciwo. In wuyan hannu ya karye baya lokacin turawa, nauyin duka a kan ƴan ƙananan ƙasusuwansa yake sauka, ba a kan rodi ba.

Daga nan aikin hawa uku ne, kowanne da nasa hannun. Hawa na farko shi ne ka sa ƙarfen ya yarda. Ka ja numfashi, ka ɗaure ciki, ka tura bakunan biyu zuwa ga juna a daidai lokacin da gwiwoyin hannunka suke saukowa gaba da ƙasa. Ƙirji da kafaɗu da baya ne ke turawa, hannu aikinsa ya isar da saƙon ba tare da ya zube ba. Kada ka yi ta lallaɓa shi a hankali. Ƙarfe yana da iyaka: duk abin da ka sa masa ƙasa da ita zai ɗan ba da kai ya koma yadda yake, sai ka haye ta sannan lanƙwasar ta zauna. Don haka ƙarfin ya zo gaba ɗaya, ya ɗore daƙiƙa biyar ko shida. In bai motsa ba, sauke, ka huta, ka gyara riƙo. Za ka san ya yarda tun kafin idonka ya gani. Baƙin ɓawon da ke jikin sabon rodi yakan tsage a daidai wurin, ya zubo maka a riga ƙanana-ƙanana kamar garin gawayi, kuma in ka taɓa wurin da leɓe za ka ji ya ɗan yi ɗumi.

Hawa na biyu, da zarar ya motsa kada ka tsaya kallonsa. Ci gaba da bin sa yana tafiya, gwiwoyin hannu suna ci gaba da sauka, har ya yi kusurwa irin ta ginin ɗaki ko ya wuce. Masu yawa a nan suke maƙalewa, domin ƙarfen yana ƙara tauri a inda ya lanƙwashe, hannu kuma ya fita daga wurin da yake da ƙarfi. In ka maƙale, sake ɗago shi sama kusa da haɓa, ka gyara bakunan su koma cikin tafin hannu, ka sake turawa.

Hawa na uku matsewa ce. Ka sarƙe yatsun hannu biyu a bayan juna, bakunan rodin suna cikin gindin tafin hannu, ka manna shi a saman ƙirji, ka matse har tsakanin ƙafafunsa ya rage santimita 5. A nan ne rodi yake fizgewa ya daki haɓa ko haƙori in naɗi bai yi ba, saboda haka tsinin lanƙwasar ya fuskanci gaba, nesa da fuskarka, kuma kada yaro ya tsaya a gabanka.

Karkacewar da ka ambata kuwa sauƙi gare ta. Hannun da ya ci rodi da yawa yana tura wurin lanƙwasa zuwa ɗaya gefen, kuma hannunka na dama, tunda shi ke da tabon, ina kyautata zaton shi ke riga ɗan'uwansa tashi. Sami alli ka yi zane uku a jikin rodin, ɗaya a tsakiya, biyu a santimita 4 daga kowane baki, naɗi ya tsaya daidai kan zanen. Ka ba abokinka salula ya ɗauke ka ta gaba. Za ka ga gwiwar hannu ɗaya tana sauka kafin ɗaya, ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya ɗagawa. Ka koma kan ƙarfe mai sauƙi, wanda ba ya sa ka yamutsa fuska, ka yi ta maimaitawa har lanƙwasar ta riƙa faɗawa kan zanen tsakiya sau biyar a jere. Kafin nan kada ka ƙara nauyi. Hannun da ya koyi karkata a kan ƙaramin ƙarfe da ita zai je wa babba, kuma babba ba ya yafewa.

Saura maganar lamba 8, wadda na ga ita ta fi ci maka rai. Kai kana ganin milimita biyu kawai aka ƙara. Amma taurin ƙarfe mai zagaye wajen lanƙwasawa ba da kauri kai tsaye yake tafiya ba, da kaurin ne sau kansa sau kansa. Shida sau shida sau shida 216 ne. Takwas sau takwas sau takwas 512. Ka ga ya haura ninki biyu da sulusi, in irin ƙarfen ɗaya ne. Sannan rodin gini mai zane-zane a jiki ba irinsu ɗaya da mai santsi ba. Injiniyoyi suna rubuta mai zanen da FeE400 ko FeE500, mai santsin da mu masu walda muke aikin taga da shi kuma FeE235, kuma lambar tana nuna nauyin da ƙarfen yake ɗauka kafin ya ba da kai. Wato mai zane ya kusan ninka mai santsi, ga shi zanen yana yaga fata. Wani kamfanin kayan motsa jiki a Kalifoniya ta Amurka, IronMind, yana da ƙarfen gwaji da ake kira Red Nail, kaurinsa kusan milimita 8, tsawonsa inci 7, wajen santimita 18. Wanda ya lanƙwasa shi bisa ƙa'idarsu sai a rubuta sunansa cikin jerin da duniya ke gani, kuma John Brookfield ne ya fara shiga jerin a 1995. To ka ji girman abin da kake fushi da kanka a kai bayan ƴan watanni.

Tsani za ka gina tsakanin 6 da 8. Fara da rage tsawon mai lamba 6, santimita ɗaya-ɗaya, daga 20 har 15, domin duk abin da ka yanke daga tsawo ka ƙara shi ne a wahala. In ka samu ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 6 a wurin masu walda, ya fi mai zagaye tauri da kusan rabi, matakala ce mai kyau. Daga nan ka ɗauki mai santsi lamba 8 dogo, santimita 25 ko fiye, ka riƙa rage shi. Kuma ka sani rodin da ke shago biyu a kasuwa suna iya amsa lamba ɗaya alhali kaurinsu da taurinsu sun bambanta. Saboda haka ka sayi sanda guda ka yanka ta duka, ka auna ci gabanka da ita kaɗai.

Sau biyu a mako ya isa, musamman gare ka da hannunka ke aiki kullum. Ka ɗumama kafaɗu da wuyan hannu tukuna, ka lanƙwasa masu sauƙi biyu ko uku, masu wuya uku ko huɗu, ka tashi da sauran ƙarfinka. A watan Afrilu da Mayu, gumi kaɗai ya isa ya ɓata riƙo, sai ka yi da asuba ko bayan isha'i, da tawul a kafaɗa. Da hunturu kuma kantar hannu takan tsage, ka shafa man kaɗe da dare, ba kafin motsa jiki ba.

Abu guda da zan faɗa maka tsakani da Allah: wannan riƙon na ƙarƙashin haɓa ya fi gina ƙirji da kafaɗa fiye da yatsu. In ƙarfin hannu zalla kake nema, karanta amsar da ke biye.

Daga wani ɗan kokowa, Tibiri

*Maigida, ina kokowa a matakin gundumarmu, burina in shiga cikin waɗanda za su wakilci jihar Maraɗi a gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi. Matsalata in na kama wuyan hannun abokin karawa yakan suɓuce. Lanƙwasa ƙarfe zai gyara min wannan?*

Allah ya cika maka buri, ƙanena. Jihar da Yakuba Ango Kantu ya ɗauko wa takobin farko a Tawa a 1975, har filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da sunansa, tana jiran irinku.

Zai taimaka, amma ba shi ne babban maganinka ba. Rodi siriri ne, hannu a rufe yake kama shi. Wuyan hannun ƙato mai gumi da yashi kuwa kauri gare shi, hannu a buɗe yake kama shi, babban yatsa a gefe ɗaya, sauran a ɗaya gefen. Ƙarfin riƙo yana tsayawa kusa da yanayin da aka horar da shi. Abin da ya fi kama da aikinka shi ne jan guga cike daga rijiya da igiya mai kauri, hannu bayan hannu ba tare da ka naɗa igiyar a hannu ba, da lilo a jikin reshe mai kauri, da ɗaukar tubalin siminti da tsinin yatsu kana tafiya da shi. Ɗauki taɓarya kuma ta baki ɗaya, hannu a miƙe a gefenka, ka ɗaga kanta sama da wuyan hannu kawai ka sauke a hankali, sannan ka juya ta baya ka yi haka. In ta yi maka nauyi matsa hannunka zuwa tsakiya.

A cikin salon lanƙwasa ƙarfe, wanda zai amfane ka shi ne na hannu saɓanin juna. Ka miƙa hannuwa gabanka nesa da ƙirji, rodin ya ɗan tsaya a karkace. Hannun gaba ya riƙe shi kyam, babban yatsansa da manuniya su zama wurin tokara, hannun baya ya jawo nasa bakin yana naɗe rodin a kan wannan tokarar. Ƙirji ba ya iya sa baki a nan, wuyan hannu da sangalin hannu ne kaɗai, shi ya sa ƙarfen da za ka iya zai ragu sosai. Kada hakan ya dame ka. Ka riƙa sauya hannun gaba don kada gefe ɗaya ya bar ɗaya. In gasa ta rage mako uku, ajiye ƙarfe gaba ɗaya, hannu ya shiga fili da hutunsa.

Daga wata uwa, Tasawa

*Malam, ɗana mai shekara 15 ya tsiri lanƙwasa ƙusoshi da yake gani a salula. Maƙwabta suna cewa sai da asiri ake wannan, kada wani ya ja shi wurin masu ba da layu. Ni tsorona kada ya ji ciwo. In hana shi?*

Hajiya, Allah ya raya shi, ya sa masa albarka. Ki kwantar da hankalinki a kan maganar asiri. Aikin nan lissafi ne da horo, duk abin da ke cikinsa na rubuta shi a sama, babu abin sha babu na ɗaurawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a kansa, Joseph Greenstein, an haife shi a Folan a 1893, yaro ne mai yawan ciwo, ya girma ɗan gajere marar jiki, ya koma Amurka yana lanƙwasa ƙusa da takalmin doki a gaban jama'a har ya haura shekara 80, ya rasu a 1977. Duk wanda ya ce wa ɗanki ya kawo kuɗi a ba shi laƙanin ƙarfe, kuɗin kawai yake so.

Tsoronki na ciwo kuwa yana kan hanya. A shekara 15 bakunan ƙasusuwan wuyan hannu ba su gama haɗewa ba, a nan tsawon ƙashi yake ƙaruwa, kuma ba wurin da za a yi ta danna wa nauyin ƙarshe ba ne. Ban ce ki hana shi ba, domin yaron da aka hana zai koma bayan gida ya yi ba mai gani. Ki sa masa sharaɗi. Waya mai kauri da ƙananan ƙusoshin katako kawai, waɗanda yake lanƙwasawa ba tare da nishi ba, a datse tsinin a goge, a naɗe da fata. Babban ƙarfe ya jira sai ya kai 18. Kafin nan ya yi lilo, ya yi jan guga, ya yi ɗaga jiki, hannun zai ginu.

Abu biyu kuma ba sassauci a kansu. Ƙusar kankare, wadda ake bugawa a bangon siminti, kada ta shiga hannunsa ko sau ɗaya. An ƙona ta an taurara ta, ba ta lanƙwasuwa, karyewa take yi farat ɗaya, guntun ya tashi ya nufi ido, ragowar ta shige tafin hannu. Haka tsohon magagari, da bakin injin huda ƙarfe, da ƙusa mai noti da aka rubuta 10.9 ko 12.9 a kanta. Na biyu, ki duba katin rigakafinsa. Ƙwayar tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma huda mai zurfi irin ta ƙusar da aka tsinta a ƙasa ita ce ƙofarta. In ƙusa ta huda shi, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi likita a ranar, kada a tsaya toka ko man birki.

Daga wani direba, Dakwaro

*Yallaɓai, wata biyu da farawa, cikin gwiwar hannuna ta hagu yana min zafi, har riƙe sitiyari yana tayar da shi. Ina shan magani in ci gaba. Zai wuce da kansa?*

Ɗan'uwa, tsaya. Tsokokin da ke dunƙule yatsu da lanƙwasa wuyan hannu a wannan ƙullin ƙashi na cikin gwiwar hannu jijiyarsu take kamawa. Tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni, jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi kuwa jini kaɗan ke isa gare ta, watanni take ɗauka. Tsokarka ta yi gaba ta bar jijiya a baya, zafin nan kukanta ne. Maganin da kake sha rufe mata baki kawai yake yi, kana ci gaba da yaga ta. In kuwa tramol ne, don Allah ka rabu da shi, na ga samari masu ƙarfi da ya mayar abin tausayi.

Ajiye ƙarfe har sai ka iya murɗa rigar wanki ba ka ji komai ba. A tsakanin nan sa zoben roba a kan yatsunka biyar kana buɗe su, don tsokokin bayan hannu su kamo na ciki. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna yin sanyi ko suna mutuwa, ko wurin ya kumbura, ko ka ji wani abu ya yi ƙara lokacin da ciwon ya fara, wannan na likita ne, ba na shafin mujalla ba. Tunda zama ne aikinka, ka sa a auna maka jini ma. Riƙe numfashi a yi yunƙuri yana harba hawan jini sama na ɗan lokaci, kuma mai hawan jini ko ƙaba bai kamata ya yi wannan wasa ba sai likita ya yarje masa.

Daga wani malamin makaranta, Gidan Runji

*Malam, rodi kuɗi ne. Zan iya miƙe wanda na lanƙwasa da guduma in sake amfani da shi?*

Za ka iya, malam, sau ɗaya ko biyu, amma don ɗumama hannu kawai. Wurin da ya lanƙwashe ya riga ya ƙara tauri, in ka miƙe shi ka sake, ko dai lanƙwasar ta gudu gefe, ko wurin ya fara tsagewa, kuma tsagaggen ƙarfe karyewa yake yi a hannu. Duba cikin kusurwar da bayanta a hasken rana, in ka ga ɗan layi ko da siririn gashi ne, jefa shi cikin buhun ƴan gwangwan.

Hanya mafi kyau tana wurin maƙeran garinku. Tara guntayen ka kai a miƙe su, a sa su a wuta har su yi ja, sannan a binne su cikin toka mai zafi su huce da kansu har gobe. Kada a tsoma su a ruwa, wannan taurara wasu ƙarafa yake yi. Waɗanda suka huce a toka za su fito da laushi fiye da yadda ka saye su, don haka kada ka gwada ci gabanka da su, ka ware su daban da ɗan fenti a baki. Kuma ka zaga wuraren gini da shagunan walda da ke kusa da kai ka yi magana da masu su. Guntun da bai kai santimita 25 ba ba ya yi musu aikin komai, da yawa za su bar maka shi a farashin kilo.